Daga Akushi Zuwa Tangaran: Tarihin 'Yan Kayan Jin Daɗi a Ɗakunan Zangon Kumasi



Cikin ayyukan da aka ɗora mana a zauren Maigida akwai rubuta kayan mamaci kafin malamai su zauna rabon gado. Aiki ne mai nauyi a zuciya, domin sai mun shiga ɗakin da mai shi bai daɗe da barinsa ba, a buɗe adaka, a ɗaga katifa, a ƙirga abin da jiya babu mai ikon taɓawa. Kwanakin baya aka kira mu ɗakin wata dattijuwa da ta haura shekara casa'in, Allah Ya jiƙanta. Muka tarar da gadon ƙarfe mai rumfa, da kabad cike da langa da fanteka an jera su har suna neman rufi, da filas ɗin shayi, da rediyon da ya daɗe da yin shiru, da tandun kwalli, da kwalaben turare da suka ƙare amma ba ta zubar ba. Can ƙarƙashin gado kuma ga wani baƙin akushi da ya tsage aka ɗaure shi da waya. Wani jikanta ya dube mu ya ce, "Malam, ai waɗannan tarkacen ba sai an rubuta su ba." Muka ce masa ko allura ce mamaci ya bari gado ce, muka ci gaba da rubutu. Amma maganar yaron ta zauna mana a rai, domin abin da ya kira tarkace shi ne tarihin zangon nan na shekara ɗari, an jera shi a ɗaki ɗaya.

Kakanninmu fatake ne, kuma bafatake ba ya tara abin da jaki ba zai ɗauka ba. Ayarin Gwanja kan taso daga Kano ko Katsina ko Jega da kanwa da turkuɗi da fatun jima da gabu, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Borgu da Sansanin Mango da Yandi har ya sauka Salaga, ya juya da goro. Tafiya da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Sunan da muke amsawa har yau, wato zango, masaukin ayari ne, wurin da ake kwana a tashi. Jin daɗin mutumin da ke irin wannan zama kuwa ƙarami ne mara nauyi: buzun salla mai laushi, ɗan tandun kwalli, ƙullin jawul ko kajiji a bakin zane, kanumfari da citta a cikin fura, zuma ko mazarƙwaila idan an samu. Abin mamaki shi ne goron da suka sha wahalar ɗauka shi kansa kayan marmari ne. Ba ya ƙosar da ciki, ba ya rufe tsiraici, amma saboda shi aka yi ta ratsa daji shekaru aru-aru, aka kafa garuruwa, aka haifi irinmu a ƙasar Tonawa. Duk wanda zai raina ƙananan kayan jin daɗi a cikinmu, sai ya fara tuna abin da ya kawo kakansa nan.

A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan hanyar arewa ya yi rauni, kasuwar Salaga ta soma ja da baya. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa garin, baƙi suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Yandi da sauran wurare. Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi har ya rasu a 1934. Yana da waƙa sananniya a kan talauci da wadata, inda ya auna zaman matalauci da na mawadaci da irin karɓar da mutane ke yi wa kowannensu. Mun ambace ta ne don a san cewa malamanmu na farko ba su ɗauki maganar abin hannu a matsayin wadda ta fi ƙarfin alƙalami ko ta gaza shi ba.

Bayan Turawa sun mamaye Kumasi a 1896, aka kuma gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, ƙofar garin ta buɗe wa baƙi, zango ya kafu ya yi ta faɗaɗa. Abin da ya sauya ɗakunanmu da gaske shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, na Ankara ya haɗu da shi a 1923, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Kuɗin koko ya cika ƙasa, kantunan Turawa irin su UAC da UTC da CFAO suka jeru a Adum tare da na Siriyawa. Kayan da a da sai sun ratso Sahara a bayan raƙumi, ko sun hauro daga bakin teku a kan ɗan dako, suka zama abin da mai sayar da ƙosai za ta iya tara kuɗinsa. A daidai wannan lokaci ne kuma bafatake ya ajiye sanda, ya gina ɗaki, ya yi aure, ya zama maigida mai saukar baƙi. Mai tafiya ba ya sayen gado. Ranar da aka soma shigo da gadon ƙarfe da agogon bango cikin zango, ranar ce aka yarda a zuci cewa an zauna.

A nan ya kamata mu daɗe kaɗan a kan langa, domin babu wani kaya da ya mallaki ɗakin matan zango kamarta. Kafin zuwanta jeren amarya ƙore ne masu zane da akusa, sai 'yar mai hali da ake sa mata tasoshin tagulla. Langa kuwa ƙarfe ne da aka shafe da ruwan gilashi aka gasa a wuta, shi ya sa take sheƙi, ba ta riƙe wari, ba ta tsatsa sai inda ta ɓantale. Da fari daga Turai ake kawo ta, daga baya ta Japan da ta Hong Kong suka cika kasuwa, har masu masana'antar Hong Kong suka zo suka kafa wuraren ƙera ta a Najeriya da nan Ghana wajen shekarun samun 'yancin kai. Tana zuwa ne saiti-saiti, ƙarama cikin babba, kowace da murfinta, da furanni ja da shuɗi da ruwan ɗorawa.

Maza da yawa sun ɗauki jeren nan a matsayin son a-gani kawai, har wasu masu wa'azi suka riƙa sukarsa. Mu da muke rubuta gado mun ga wata fuskar. Matar zango ta wancan zamani ba ta da asusu a banki, galibi ma ba ta fita kasuwa da kanta. Tana cikin gida tana dama koko, tana suyar ƙosai, tana dafa shinkafa da wake, yara na kai talla. Ribar kwabo-kwabo tana shiga adashi, ranar kwasa kuma sai ta aika a sayo mata saiti ɗaya. Kuɗi a hannu yana da maroƙa: miji zai ranta, ƙane zai zo da larura, biki zai taso. Kwano a kabad kuwa babu mai cewa a ba shi aro ya kai kasuwa. Idan farashi ya hau, kwanon ya hau tare da shi. Idan ciwo ya zo ko jari ya karye, dillaliya na nan, a fitar da saiti ɗaya a rufa asiri. Idan aure ya mutu, mace ta kwashe kayanta ta tafi, domin shari'a ta san nata ne, babu hannun miji a ciki. Uwa kuma takan fara tara wa 'yarta tun tana goye, ta yi shekara goma sha biyar tana ƙarawa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka jeren nan ado ne a ido, taska ce a ɓoye, kuma shaida ce a gaban dangin miji cewa yarinyar nan tana da gata. Kwanonin sama ba a taɓa cin abinci a cikinsu, sai dai a sauke su a wanke kafin Salla a mayar. Mun sha jin tsofaffi mata suna cewa idan rai ya ɓaci sukan zauna bakin gado su dubi jerensu har zuciya ta yi sanyi, kuma ba mu ga dalilin ƙaryata su ba.

Turare shi ma yana da nasa babi. Turaren wuta tsoho ne a wurinmu, na kwalba ne baƙo. Wanda ya fi shiga gidajenmu shi ne Bintu Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fara haɗawa a 1920, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Sirrin karɓuwarsa shi ne da mai aka haɗa shi, babu giya a ciki, don haka malami ya shafa ya shiga masallaci ba tare da waswasi ba. Alhazai ma sun taimaka wajen yaɗa irin waɗannan kaya. Waɗanda suka tafi ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, sukan yi shekaru kafin su dawo, tsarabarsu kuma ba ta wuce abin da za a rataya. Da jirgin sama ya karɓi aikin, sai darduma mai hoton Ka'aba da butar shayi da ƙananan kofuna da agogo mai kiran salla suka zama alamar gidan da aka sauke farali.

Na haske da na sauti ba za mu tsawaita ba. Aci-balbal mai cin man kaɗanya ta ba fitilar ƙwai wuri, wankin ƙwan fitila da yanke lagwani ya zama aikin yara kafin magariba. Lantarki ya daɗe a cikin gari kafin ya shiga yawancin ɗakunan zango. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ita ta yawaita shi, ruwanta kuma shi ne ya cinye tsohon garin Kete-Krachi inda Alhaji Umaru ya karantar. Rediyo ya fara a Ankara a 1935 da tashar ZOY. Sashen Hausa na BBC ya soma magana ranar 13 ga Maris 1957, mako guda bayan Ghana ta sami 'yanci, gidan rediyon ƙasa kuma ya sa Hausa cikin harsunan da yake watsa shiri da su. Ga mutumin da ke zaune cikin masu wani harshe, ya murɗa akwati ya ji nasa yana fitowa daga Landan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maigida kan ɗinka wa rediyonsa riga, ya hana yaro taɓawa. Shayi da madarar gwangwani da burodi kuwa sun fara ne a matsayin abin karrama baƙo da na mai jego da mara lafiya, koko na nan a matsayinsa na karin kumallon kowa. A hankali filas ya sami gurbi a kan tebur kusa da gado.

Kada a ɗauka waɗannan kaya ba su taɓa shiga siyasa ba. A Janairun 1948 Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa saboda tsadar atamfa da sauran kayan shigowa, kuma ƙarshen wannan ƙauracewa ya haɗu da harbin tsofaffin sojoji ranar 28 ga Fabrairu, tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta tafiyar mulkin mallaka.

Sai babbar jarrabawa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mu a lokacin wasunmu na goye, wasu ba a haife su ba, amma mun tashi cikin labarin kamar mun gani da ido. Mutanen da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, suka wayi gari ana ce musu baƙi. Dubban ɗaruruwa suka fita, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da sauransu. Tituna suka cika da kayan sayarwa a farashin wulaƙanci, domin mai saye ya san mai sayarwa ba shi da gobe. A nan aka ga bambancin kayan bafatake da kayan mazauni. Gado da kabad da madubin tsaye ba su hawa motar da mutane ke tsaye a cikinta. Mata suka ɗaure zinariya a ƙugu, suka kwance kan keken ɗinki suka bar ƙafafunsa, suka cusa ƙananan langa cikin manya gwargwadon abin da kai zai ɗauka. Abin da ya rage, wasu suka sayar, wasu suka bar wa maƙwabta amana da cewa in ƙura ta lafa za su aiko. Iyayenmu sun ce bayan wannan shekara an daɗe a zango ba a sayen abu mai nauyi. Tsoron ya mayar da mutane halin kakanninsu, kowa na tara abin da zai iya gudu da shi.

Ta biyu kuwa mun gan ta da idonmu. Daga ƙarshen mulkin Acheampong, zamanin kalabule, sukari da madara da sabulu da kifin gwangwani suka ɓace daga kantuna, sai layi tun asuba ko sanin wani. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola a Ankara da sunan yaƙi da ɓoye kaya, 'yan kasuwa mata suka sha duka a garuruwa da dama a kan farashin gwamnati. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya da Najeriya ta kora, wato abin da aka yi a 1969 ya juyo ta ɗaya gefen. Muna yara muna zuwa makarantar allo da ciki fayau. Mun ga ana raba ƙwayar sukari biyu. Mun ga gwangwanin madara da aka huda da bakin allura aka toshe da takarda don ya kai mako. Mun yi wanka da sabulun gida mai cin fata. A shekarun nan langa da yawa ta sauko daga kabad ta tafi hannun dillalai ta dawo a matsayin masara, jeren da aka yi wa dariya shi ya ciyar da gidaje. Duk da haka akwai abin da ba mu manta ba: a gidajen da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, daren Juma'a sai an sa garwashi a kasko an barbaɗa ɗan turare. Muna yara muna ganin wauta ce, tunda hayaƙi ba ya cika ciki. Sai da muka girma muka gane cewa iyayenmu mata suna faɗa wa kansu da maƙwabta cewa gidan nan bai faɗi ba tukuna.

Yau kabad ɗin amarya tangaran ne da kuloli da kofunan gilashi, ga kujerun kushin da firji da talabijin na bango, yawanci daga Sin ko Dubai. Samari sun mayar da shayi ataya, suna kwana a kansa a bakin titi. Ba mu cikin masu cewa duk abin da ya zo bayan zamaninsu lalacewa ne. Malaman usulu sun kasa bukatun ɗan Adam gida uku, na larura da na bukata da na kyautatawa, ba su ce a jefar da na ukun ba, sun dai sa shi a matsayinsa. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, yakan yi ado ya shafa turare kafin ya zauna karantar da hadisi. Matar da ta sayi labule mai kyau ko fanka da guminta ba ta yi laifin komai ba.

Damuwarmu a wani wuri take, kuma daga ƙararrakin da ke zuwa zauren Maigida muka samo ta. Kayan da ake tarawa cikin shekara goma sha biyar yanzu ana so a haɗa su cikin wata uku, da bashi. Langa tana riƙe darajarta, talabijin kuwa ranar da aka fitar da shi daga kwali ya fara asara, tangaran in ya faɗi ya gama. Kuɗin ma ba ya tsayawa: a 2007 aka yanke wa sidi sifili huɗu, a ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. Uwar da ta ci bashi ta cika ɗaki ba ta bar wa 'yarta taska ba, ta bar wa kanta masu sallama da asuba. Mun ga auren da aka ɗaga sau biyu saboda kujeru ba su iso ba. Mun ga wanda aka zo kwance kayan ɗakin tun amarya ba ta fita kwana arba'in ba, domin mai kanti ya gaji da jira. A irin wannan zama Maigida yakan tambayi uwar amarya abu ɗaya: cikin kayan nan wanne ne za ki iya sayarwa gobe ki sami abin da kika biya? Sau da yawa shiru ne amsar.

Mu koma ɗakin dattijuwar nan, domin akwai dalilin da ya sa muka kawo wannan dogon bayani a bainar jama'a. Da muka sauke jeren muna ƙirgawa, sai muka ga wasu saiti uku a layin sama sun bambanta da sauran, kowace langa da wata alama da aka yi da fenti a gindinta. Babbar 'yarta, wadda ita ma ta manyanta, ta ce, "Malam, waɗannan ba na Inna ba ne." Na maƙwabciyarta ne da ta tafi a 1969, ta bar su amana. Ba ta aiko ba, ba a sake jin labarinta ba. Marigayiyar ta riƙe su fiye da shekara hamsin, tana wanke su duk Salla tare da nata. A 1983 ta sayar da nata saiti-saiti don ciyar da yara, ba ta taɓa waɗannan ba, kuma kafin ta cika ta yi wasiyya cewa kada a sa su cikin gado.

Maigida da malamai sun yanke cewa a ware su, a ajiye a zaure, a nemi magadan mai su. Abin da iyalin suka riƙe shi ne matar da mijinta sun zauna a Sabon Zango, mijin yana fataucin goro, sun tafi da yara ƙanana, kuma sun ce wajen Jega suka nufa. Sunanta da sunan mijin da siffar alamar suna rubuce a wurinmu, ba za mu sa su a nan ba, domin da su za a gwada duk wanda ya zo da da'awa. Muna roƙon masu karatu na Najeriya da Nijar, musamman na ƙasar Kabi, wanda ya san gidan da uwarsu ko kakarsu ta taɓa ambaton kayan da ta bari a Kumasi, ya aiko da saƙo ta wannan shafi, za a isar mana.

Akushin nan mai ɗaurin waya kuwa babu magajin da ya nema. Da aka tambayi 'yar, ta ce na kakar marigayiyar ne, da shi ta fito daga Salaga. Jikan da ya kira kayan tarkace shi ya ɗauke shi a ƙarshe, ya ce zai ajiye a ɗakinsa.